Farin Ƙafar Doki: Kira Ga Masu Barga Kafin Hawan Sallah

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana da 'yan uwana masu kiwon dawaki, musamman na karkarar Jigawa da Kano, a kan wata ɗabi'a da ta shigo mana a 'yan shekarun nan, wadda take ƙara yaɗuwa duk lokacin da Sallah ta gabato. Ɗabi'ar ita ce wanke farin ƙafar doki da ruwan bilic na wanke farin kaya da garin sabulun wanki mai kaifi, ko shafe shi da fenti, domin ya yi ƙal a idon 'yan kallo ranar hawa. Wanda bai taɓa riƙe ragama ba yana iya ganin maganar ba ta kai a kawo ta jarida ba, amma duk wanda ya taɓa ganin doki yana ɗingishi mako guda bayan Sallah, ƙafarsa a kumbure ƙudaje sun yanyame ta, ya san akwai abin faɗa.

Tun farko ina so a fahimce ni, ba na cikin masu ganin ado ga doki ɓata lokaci ne. Hawan Sallah ado ne tun asalinsa, kuma da adon ya kai inda ya kai, har hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su a watan Disamba na shekarar 2024. Mu ma a Jigawa masarautunmu biyar, wato Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, kowacce tana da nata hawan, kuma da yawa daga cikin dawakin da ake gani a bayan hakimai daga ƙauyuka dagatai da sauran masu hali suke kawo su. Wanda ya ɗaura wa dokinsa sirdi mai kyau, ya shimfiɗa jalala, ya goge linzami da likkafa, ba zai so ƙafafun dokin su fito jawur da laka da fitsari ba.

Ƙaunar farin ƙafa kuwa ba yau aka fara ta ba. A wurin masu doki, idan aka ce doki fari biyar ne, wato fari a goshi da fari a ƙafa huɗu, an gama yabo, kuma wanda ya taɓa tsayawa wajen dawaki a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yadda dillali yake fara nuna goshi da ƙafa tun kafin a buɗe baki a duba haƙora. Addini ma bai bar zancen ba. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke yabon baƙin doki mai ɗigon fari a goshi da fari a leɓen sama, sannan mai farin ƙafafu wanda ƙafarsa ta gaba ta dama ba ta da fari. Muslim kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin dokin da farinsa ya saɓa, wato ya kasance a ƙafar baya ta dama da ta gaba ta hagu, ko akasin haka.

Abin da da yawa daga cikin samarinmu ba su sani ba shi ne, farin ƙafa bai tsaya a gashi kaɗai ba. Idan ka jiƙa ƙafar akawali, wato baƙin doki, ko bikili, wato jan doki, mai fari, ka buɗa gashin da yatsa, za ka ga fatar da ke ƙarƙashi ruwan hoda ce, alhali fatar sauran jikinsa baƙa ce. An halicci wannan wuri ba tare da sinadarin launin da ke kare fata daga rana ba, saboda haka shi ya fi saurin ƙonewa, kuma a nan ƙuraje suka fi fitowa. Kili, wato farin doki, daban yake, domin shi gashinsa ne ke yin fari da shekaru, fatarsa kuwa baƙa ce, sai fa inda aka haife shi da fari. Sannan wurin da ake magana a kai, daga kofato zuwa ƙwauri, shi ne mafi kusa da ƙasa: nan laka take maƙalewa, nan fitsari yake fantsama, nan igiyar dabaibayi take gurza. Akwai kuma wani ɗan lungu a baya, sama da dunduniyar kofato, wanda fatarsa take lanƙwashewa da kowane taku, ruwa kuma yakan daɗe a cikinsa bai bushe ba. A wannan lungu galibin ciwon yake somawa.

Ga yadda abin yake faruwa a daren jajibere, kuma na gani da idona ba a gida ɗaya ba. Yaron barga zai yanke jarka ya cika ta da ruwa, ya zazzaga garin sabulu, ya tsiyaya bilic ba awo, ya dama da hannu har kumfa ta tashi. Wani ya riƙe ragama, wani ya haska da fitilar waya, shi kuma ya durƙusa da soson buhu, wani lokaci ma soson ƙarfe na wanke tukunya, yana ta dirza. Dokin zai fara ɗaga ƙafa yana bugun ƙasa, yana waiwaye kunnuwansa a kwance, sai a daka masa tsawa a ce taurin kai ne, alhali raɗaɗi yake ji. Da yake dare ya yi kuma rijiya da nisa, ɗauraya guda ake yi a bar sauran kumfar a cikin gashi. Wasu, don kada ƙafar ta sake ɓaci kafin safiya, sai su naɗe ta da leda su ɗaure tam da roba. Gari na wayewa ƙafa ta yi fari, kowa ya yaba, a ɗauki hoto a sa a Facebook da TikTok. Bayan kwana uku ko huɗu, lokacin da 'yan kallo suka watse aka naɗe kayan ado aka mayar adaka, sai fatar ta yi ja ta fara tsattsafo da ruwa, ɓawo ya kama gashi ya dunƙule shi, dokin kuma ya ƙi yarda kowa ya taɓa wurin.

Ruwan bilic an yi shi ne domin tufafin auduga da daɓe da masai, kuma sinadarin kulorin da ke cikinsa yana cin fata. Abin mamaki ma shi ne ba ya biyan buƙatar da ake nema da shi. Gashin dabba ba irin zaren auduga ba ne. Kulorin yana cin sa ya bar shi a bushe yana karyewa, yana kuma mai da shi rawaya-rawaya, dalilin da ya sa ba a wanke ulu da bilic ke nan. Gashin da ya lalace haka ya fi tsotse dauɗa, sai Sallah ta gaba ƙafar ta fi ta bara rinewa, mai doki kuma ya ƙara yawan bilic ɗin. Shi ma yaron da ke durƙushe bai tsira ba, domin idan kulorin ya haɗu da amoniya, wato abin nan mai hawa kai da ke tashi daga tsohon fitsari a turke, suna fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro. Garin sabulun wanki bai kai bilic sharri ba, amma yana kwashe maiƙon da fata take kare kanta da shi, idan kuma ba a ɗauraye shi sarai ba, sai gumi ya narkar da shi ranar hawa ya ci gaba da cin fatar a cikin rana.

Fenti ya fi duka muni. Fentin mai yana daskarewa a kan gashi, da doki ya fara tafiya sai ya tsattsage a wurin lanƙwasa yana jan gashi daga tushe, kuma ba ya fita sai an koma ga kalanzir ko fetur, waɗanda su ma suke ƙona fatar da ta riga ta jigata. Gwaje-gwajen da aka yi a kan fentin mai na kasuwannin Najeriya sun sha gano dalma mai yawa a cikin wasunsu, doki kuwa idan ƙafa ta yi masa ƙaiƙayi da baki yake sosawa. Haka nan a guji farar ƙasar buhu wadda ake ƙonowa daga dutse ake shafe bango da ita, domin tana cin fata da zarar ta jiƙe, ƙafar doki kuwa ranar hawa a jiƙe take da gumi tun daga fita har dawowa.

Ƙunar kanta tana iya warkewa, abin tsoron shi ne cututtukan da suke biyo bayanta. Ƙwayar cutar da ke sa wa shanu kirci, wanda kowane makiyayi ya sani da damina, tana kama doki ma, kuma ta fi samun shiga inda fata ta jiƙe ta yi laushi ko ta tsage. Akwai wata cutar da ta fi wannan wuyar sha'ani, wadda ta daɗe tana addabar dawaki a arewacin ƙasar nan, inda ƙulli-ƙulli suke fitowa a jere daga ƙafa zuwa sama, su fashe suna zubar da mugunya, su ƙi warkewa wata da watanni. Ta rauni take shiga, ƙudaje suna yaɗa ta, haka ma soso ko buroshi ɗaya da aka goge dawaki da yawa da shi. Ga kuma tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki ya sarƙe muƙamuƙi, wanda doki yana cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da shi, ƙwayarsa kuma a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, wato daidai inda ƙafar take tsaye. Lokacin da Sallah take faɗowa ma ya ƙara dagula lamarin. Babbar Sallah ta zo ranar 11 ga Agusta a shekarar 2019, tana ta matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara har ta kai 6 ga Yuni a 2025, ma'ana duk waɗannan shekaru a cikin damina ko a bakinta aka yi Sallar, ga laka ga ƙuda. Ƙaramar Sallah kuwa ta ratsa bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40, rana kuma ba ta raga wa fatar da aka kankare.

Idan aka bi diddigin matsalar, a turke za a same ta. Farin gashi ba ya rinewa da kansa. Fitsari ne da kashi da jar ƙasa suke rina shi, kuma rinin wata uku ba ya fita a dare ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da yake tsaye a kan busasshen rairayi, ana kwashe kashinsa safe da yamma, ana kankare inda ya yi fitsari a zuba sabon yashi, an kuma ɗan ɗaga wurin yadda ruwa zai gangara waje maimakon ya kwanta a ƙarƙashinsa, irin wannan doki ƙafarsa ba ta buƙatar komai ranar jajibere sai ruwa da sabulu kaɗan. Mu da muke zaune a ƙasar rairayi ba mu da uzuri ko kaɗan, domin amalanke guda na yashi ba ya gagarar wanda yake iya ciyar da doki gero da harawa, abin da aka kwashe daga turken kuma taki ne da gona take jira. Amfanin bai tsaya ga launi ba, domin tsayuwa cikin danshin fitsari ita take ruɓar da cikin kofato har ya riƙa wari yana fitar da baƙin ruwa. Tsofaffin da muka taras a barga ba su san bilic ba, amma dawakinsu da ƙafa fes suke fita, kuma na fi ganinsu riƙe da tsintsiya da shebur fiye da sabulu.

Wanda yake son farin ya fito sosai sai ya fara shiri mako biyu ko uku kafin Sallah. A fara kakkaɓe busasshiyar laka da buroshi mai laushi tun kafin a kawo ruwa. Sai a jiƙa ƙafar da ruwa mai ɗan ɗumi, a shafa sabulu mara kaifi irin na wanka, a murza da tafin hannu ko tsumma har kumfa ta kai fata, a bar ta 'yan mintoci ta jiƙa dauɗar, sannan a ɗauraye. A ɗauraya ne aka fi yin sakaci, saboda haka a yi ta zuba ruwa daga sama zuwa ƙasa har sai ruwan da ke sauka ya fito garau kuma gashin ya daina santsi a hannu. Daga nan a ɗauki tawul ko tsohon zane mai tsabta a tsane ƙafar, a cusa yatsa da tsumman cikin lungun nan na bayan dunduniya a tabbatar babu sauran laima, a tsayar da dokin a inuwa a wuri mai tsabta har ya bushe. Yin haka sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar, domin yawan jiƙa yana tausasa fata ya buɗe ta ga cutar da ake gudu. Kowane doki kuma a ware masa nasa tsumman.

Akwai abu biyu na ƙarin haske waɗanda ban ga laifinsu ba matuƙar fata lafiya take. Na farko bula, wadda iyayenmu mata suke sa wa farar riga. Bula ba ta cire dauɗa. Ɗan shuɗin da take bari ne yake kashe rawayar da ta rage, sai ido ya ga fari ƙal. A kan wannan dabara aka yi sabulun ruwa mai launin shuɗi ko shunayya da masu dawaki a Ingila da Amurka suke amfani da shi kafin gasar nuna dawaki. Sai dai a sa kaɗan ƙwarai a ruwan ɗauraya na ƙarshe, yadda ruwan zai yi shuɗi-shuɗi kawai, a kuma gwada a ɗan wuri kwanaki kafin Sallah, domin wanda ya cika hannu zai je jafi gaban sarki da doki mai shuɗiyar ƙafa, yara su samu abin waƙa. Na biyu garin sitaci ko alli mai laushi. Da safiyar hawa, tun ƙafa tana da ɗan danshi, a barbaɗa a shafa da hannu ya shiga gashi, a bari ya bushe, a kakkaɓe abin da ya yi yawa, a goge kofato, sannan a shafa wa kofaton ɗan mai a ƙarshe. Turawa ma abin da suke yi ke nan; masu manyan dawakin nan na jan kaya a Sikotilan da Ingila, masu dogon farin gashi da ke rufe kofato, da farin garin katako suke busar da gashin bayan wanka, su bi da alli. Sharaɗin shi ne a wanke garin da an sauka daga hawa, kada ya kwana ya cakuɗe da gumi, kuma kada a zuba shi a kan rauni komai ƙanƙantarsa.

Aske gashin ƙafa da reza, wanda wasu suka kwaikwayo daga bidiyon waya, bai dace da ranarmu da ƙudajenmu ba. Rage dogon gashin baya da almakashi ya isa. Naɗe ƙafa da dare kuwa sai da tsumma mai tsabta da auduga a ciki, ban da leda, ban da roba, domin ɗaurin da ya matse yana hana jini gudu, yana kuma iya lahanta babbar jijiyar bayan ƙwauri, wadda idan ta taɓu doki kan yi watanni bai moru ba. Wanda bai iya naɗin ba gara ya bari, ya shimfiɗa sabon yashi, ya tashi da asuba ya goge abin da ya ɓaci.

Wani ɓangare na maganar ya shafi amana. Fito da farin da Allah ya yi wa doki tsabta ce, amma ƙirƙiro farin da babu, ko ɓoye wanda yake akwai, wani abu ne daban. Tunda kamanni suna ƙara kuɗi, akan samu mai ƙara wa ƙafa ta huɗu fari domin doki ya cika fari biyar, ko mai shafe farin wata ƙafa da baƙin rinin gashi domin ya kauce wa abin da masu saye suke gudu. Idan don sayarwa aka yi, algus ne, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai tsibin abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya isa gargaɗi. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doki yana da fasfo, inda akan zana farin goshinsa da na ƙafafunsa domin shaida. Mu da ba mu da irin wannan takarda, kamannin nan su ne hujjar da mai doki zai bayar gaban dagaci ko alƙali idan an sace masa, don haka bai kamata ya yi wasa da su ba. Mai saye kuma yana da hanya mai sauƙi: ya nemi ruwa ya jiƙa ƙafar ya murza da tsumma, ya buɗa gashi ya dubi launin fata, sannan ya dubi kofato, domin galibi ƙafar da farinta na asali ya sauko har ƙasa, kofatonta ma fari-fari ne ko mai ratsi.

Dawakin hakimai sau biyu a shekara ake matsa musu, amma na haya, waɗanda ake ɗauka hawan angwanci da kilisa kusan kowane ƙarshen mako, su ne suka fi shan wahala, domin kowane ango yana son dokin da zai haska a hoto. Irin wannan doki ba ya samun sararin da fatarsa za ta murmure tsakanin wanki da wanki, sai ka ga ƙafar ta yi kauri, gashin ya zube wuri-wuri, mai shi kuma ya rufe da hoda ya sake bayarwa, har ranar da dokin zai kasa fita, darajarsa ta faɗi warwas a kasuwa, garin neman gira an rasa ido.

Idan an riga an yi ɓarnar, a wanke wurin da ruwa mai tsabta mai yawa, a tsane, a ajiye dokin a inuwa a busasshen wuri, a dakatar da hawa. Kada a ɓamɓare ɓawo a bushe, kada a shafa baƙin man mota ko garin batir, waɗanda har yanzu wasu suke ɗauka magani ne. Malaman dabbobi sukan ba da ruwan aidin da aka sirka domin wanke rauni, da man shafawa mai sinadarin zinki wanda yake kare fata daga laima da rana. Amma idan kumburin ya haura sama, ko ƙafar ta yi zafi, ko dokin ya ƙi taka ta, ko ya bar cin abinci, to lamarin ya fi ƙarfin dabarar gida, sai a nemi likita a ranar, a kuma tambaye shi batun allurar tetanos.

Roƙona na farko ga iyayenmu sarakuna ne, Allah ya ja zamaninsu. Tunda an saba tara hakimai a ja musu kunne a kan tsari da tsaro kafin kowane hawa, ba zai yi wuya a ƙara da cewa kada a kawo doki mai fenti ko mai ɗanyen rauni a ƙafa ba, kuma Shamaki, mai kula da dawakin sarki, da mutanensa sun fi kowa iya gane irin wannan da kallo ɗaya. Hakimai da dagatai su isar da saƙon ga masu dawaki na ƙasarsu, su kuma masu dawakin su daina barin aikin jajibere a hannun yara ba tare da babba a tsaye ba, domin yaro abin da ya ga ana yabo yake yi, kuma ba a taɓa nuna masa wata hanyar ba. Sassan kula da lafiyar dabbobi na ƙananan hukumomi su ware ko da yini ɗaya ne kafin kowace Sallah su zagaya gidajen masu dawaki su duba ƙafafu. Ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da aka kafa tun 1924, ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ga kuma ma'aikatar bunƙasa kiwo da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024, bai kamata a rasa wanda zai rubuta ɗan littafi mai shafi kaɗan da Hausa, boko da ajami, a kan kula da ƙafar doki ba. Gidajen rediyonmu na Kano da Dutse kuma, waɗanda ake saurare a kowane ƙauye, su gayyato likitan dabbobi tare da wani tsohon ɗan barga a tsakiyar azumi da kuma kafin shigowar Zulhajji, a buɗe waya masu dawaki su yi tambaya.

Ina godiya da wannan fili da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Mai kiwon dawaki daga karkarar masarautar Gumel,
Jihar Jigawa.